Kunnen Baba Umaru

A duk shekarun da na yi a sashen gandun daji, ranar da ba ta fita raina ita ce wadda aka tura mu Argungu daga Birnin Kebbi, bayan iskar farkon damina ta kayar da wata tsohuwar darbejiya a kan ɗakin wata dattijuwa, Inna Kulu. Lokacin ni mai riƙe injin yankan itace ne, Baba Umaru mutumin Ambursa kuma shi ne helumanmu, wato shugaban ayari.

Ga wanda bai san aikin ba, kafiretar injin nan ƙananan sukurori uku gare ta: na silo, na ɗaukar wuta, da na cikakken gudu. Na ƙarshen shi ne mai haɗari. In aka matse shi da yawa, mai ya yi wa inji kaɗan, sai ya riƙa tsala ihu siriri, ka ɗauka ƙarfi ne, alhali fistan ne ke ƙonewa. Daidai shi ne in ka ja totur ba itace ka ji 'yar gargada a muryarsa, da sarƙa ta kama itace muryar ta washe. Da kunne muke saitawa, kuma duk sashenmu da kunnen Baba Umaru muka dogara. Shi ya koya mani.

Mun tarar babban reshe ya danne kwano, bangon ƙasa ya tsage, irin shinkafar Inna Kulu na cikin ɗakin, ga hadari yana sake haɗowa. Inji ɗaya muka zo da shi, kuma da na ja totur sai ya mutu. Baba ya wanke matatar iska, ya ɗauki sukundireba, ya ce in riƙe masa totur. Yana juya sukurun cikakken gudu, injin ya fara wannan siririn ihun. Na jira ya tsaya. Bai tsaya ba, ƙara matsewa ma yake yi. Sai na tuna watanni ke nan yana kallon bakin mutum in ana yi masa magana. Na saki totur.

Ya ɗago ya dube ni, ya gane na gane. Mutanen unguwa sun kewaye mu, don haka ya jawo ni kusa kamar zai nuna mani wani abu a jikin inji. Ya ce a hankali, "Sani, ɗana, kunnen ga ya tafi. Kakkaurar murya nike ji, siririya ba ni ji. Ara mani naka."

Na dafa kafaɗarsa da hannu ɗaya, ɗayan na kan totur. Ya riƙa sassauta sukurun kaɗan-kaɗan, ina saurare. Da gargadar nan ta fito, na matsa kafaɗar, ya tsaya cak. Muka ɗaure reshen da igiya, muka sauke shi gunduwa-gunduwa. Muna fitar da buhu na ƙarshe ruwa ya kece.

Inna Kulu ta kawo mana fura a zaure, tana ta sa wa Baba albarka, tana cewa ba ta taɓa ganin tsoho mai kunne irin nasa ba. Bai ji ba. Sai da na maimaita masa da ƙarfi, ya yi dariya har da hawaye.

Ban faɗa wa kowa ba. Shi da kansa ya je wa ogan sashenmu da maganar a makon, aka mayar da shi wurin gyara yana koyar da sababbi har ya yi ritaya. Daga ranar bai sake barin kowa ya tayar da inji ba tare da abin toshe kunne ba.

Ku da kuke shigowa yanzu, aikin nan yakan ci abin da ya fi amfana da shi a jikin mutum. Ku kula da kanku, ku kuma lura da na gaba da ku. Wata rana hannun da ya koya maka zai buƙaci ka tsaya kusa da shi, ka taimaka ba tare da jama'a sun gani ba.