Farin da ba ya gogewa

Jiya na ji warin bagaruwa ana dafawa a maƙwabta, sai na tuna da rugar da na girma, arewa da Birnin Lalle, tun Dakoro ba ta zama gari ba.

Ni kaɗai ce a ɗakinmu. Uku Inna ta haifa bayana, duk suka koma. Abokan wasana tumaki ne, su kuwa ba sa amsa magana. Da aka haifi na huɗu da bazara, Baba yana can wajen Azagor da shanu, na ƙwallafa rai a kansa, ko ƙuda ba na bari ya sauka masa.

Bayan arba'in ya fara ƙin mama. Ya kama, ya saki, ya tsala kuka. Inna kuwa kan nononta ya yi ja yana sheƙi, in ya ja sai ta ciji leɓe kamar ana soka mata ƙaya. Gwaggo, yayar Baba, mai son a ce ta sani, ta tatsi nonon a ludayi ta jefa tururuwa. Tururuwa ta mutu. Shi ke nan, wai nono ya ɓaci, a koma ba shi na akuya. Da na akuyar nan aka rasa na ukun, kuma ban manta ba. Tsoro ya kama ni.

Kwana biyu sai ga Kaka, mahaifiyar Inna, a kan jaki. Ta buɗe bakinsa, ta goga harshen da tsumma. Wani fari mai kama da kindirmo da ya rufe harshen bai fita ba.

"Ke, tururuwa ko cikin ruwan rijiya ta hwaɗa mutuwa za ta yi," ta ce wa Gwaggo. "Nono lahiya lau. Ciwon baki ne, shi ya ba ta, ita ta maida mishi. Tare za a yi musu magani."

Ta dafa bagaruwa tana wanke musu, ta sa Inna ta riƙa barin ƙirjinta ya sha iska, zannuwa kullum a wanke a shanya a rana. Ta ce a ci gaba da ba shi mama ko da hawaye. Kafin wata ya mutu ya murmure.

Yanzu akwai likita a gari, mata suna kai jariransu, kuma na ji daɗin haka. Ƙanena ya yi furfura, ya ga jikoki. Bara aka kai shi makwancinsa, kuma tun ranar ba wanda ya sake ce mini Yaya.