Kai da Ke a Bakin Madam Edith

Shekara shida ke nan da mutuwar Madam Edith. A watan nan ƙungiyar ɗalibai masu son tsofaffin finafinai a jami'armu ta Manchester za ta haska finafinanta uku don tunawa da ita. Takardun da suka manna a tashar bas ta Fallowfield sun kira ta tauraruwar zamanin yaƙin duniya na biyu mai taushin zuciya. Ni na san ta. Mahaifiyata ta yi shekara huɗu tana yi mata wanka da canza zanen gado a wani tsohon gida kusa da Balsall Heath a Birmingham, ni kuma ina karanta mata jarida ranar Asabar bayan idonta ya yi rauni. Abin da zan rubuta ba yabo ba ne.

Ba na musun cewa ta yi tashe. Lokacin da bama-bamai ke sauka a biranen ƙasar nan, mutane na neman fuskar da za su kalla su manta, ita kuwa Allah ya ba ta fuskar. Ta fito a nas, ta fito a matar soja mai jira a tashar jirgin ƙasa, ta sake fitowa a nas. Na kalle su duka da biro a hannuna. Abu ɗaya ta iya: ta ɗaga haɓa, ta kalli taga, hawaye ya gangaro ta ido ɗaya. Da yaƙi ya ƙare aka daina nemanta, ta koma tallan sabulu, daga baya sabulun ma ya sami wata.

Fim ɗaya ne ba ta gajiya da labarinsa. A ciki ta fito a matar wani jami'in Turawa da ta ceci ƙauye daga annoba a ƙasarmu. Ba ta taɓa taka Afirka ba. A cikin wani katafaren ɗaki aka kafa bukkokin, aka kwaso baƙaƙen fata masu aikin jirgin ruwa su cika fili. A nan ta koyi Hausarta duka, kalma uku: "Kai, zo nan."

Da su take kiran Mama. Matar da ake kira Rifkatu, mai 'ya'ya uku, mai jagorantar zumuntar mata a cocinmu, ita ce "kai". Zamanin tsuke bakin aljihu ne, an rage wa masu kula da tsofaffi lokacin ziyara har ba ya isar wanka da abinci tare. Mama takan wuce lokacinta don tsohuwa ta gama tauna, sannan ta bi bas da gudu zuwa gida na gaba. Godiyar da na taɓa ji ita ce ƙarar cokali a jikin kofi, sai kalmomin nan uku.

Wata Asabar na tambaye ta a kicin, murya ƙasa-ƙasa: "Mama, me ya sa kike amsawa?"

"Ke Saratu, bar ni da iyayin nan naki. Baturiya ce, tsohuwa ce, ba ta sani ba. Miƙo mini tawul."

Na karɓi wannan uzurin, na riƙe shi har bayan an binne Madam.

Watan jiya shugabar ƙungiyar ta ji cewa ina jin Hausa, ta roƙe ni in fassara abin da jama'a ke faɗa a fim ɗin don a rubuta a ƙasan hoto. Tsohuwar fassarar ta ce ƙauye na shi mata albarka. Haka ita ma Madam take faɗa, tana dafa ƙirji. Na zauna a laburare da abin ji a kunne, na yi ta maido da wurin. Madam ta nuna wata mata mai ɗauke da tulu, ta ce, "Kai, zo nan." Daga cikin taron sai wani mutum ya ɗaga murya: "Mace ce fa! Ke ake cewa. Yau kwana nawa ana gaya mata?" Wani ya amsa masa: "Rabu da ita, Malam, ji take yi, so ne ba ta yi. A ba mu shayinmu mu tafi."

Ashe an gyara mata tun tana budurwa. Da tana raye a yau, na san abin da za ta yi. Za ta so takardun da aka manna, ta ce hoton bai fito da kumatunta ba. Za ta sa in karanta mata labarin yawan baƙi a ƙasar nan, tana gyaɗa kai, baƙuwa na riƙe mata cokali. Fassarata kuwa za ta ce ni ce ban ji daidai ba.

Damuwata Mama ce. Ta riga ta ce za ta zo kallon, har ta fitar da zanen da za ta ɗaura. In na yi shiru, za ta ji muryar mutumin nan a tsakiyar baƙi, uzurin da ta rayu da shi ya faɗi a gaban kowa. In na gaya mata, ni na kayar da shi da hannuna. Na yi mako biyu ina juya abin. Ranar Lahadi na hau jirgin ƙasa zuwa Birmingham, na same ta ta dawo daga coci, na sa mata abin ji a kunne.

Ta saurara. Ta ce in sake. Sai ta yi dariya har ta dafa tebur. "Wannan bakin Zariya ne! Ji shi, ko tsoro babu."

"Mama, ta sani ke nan."

"To da fa? Ni ma ranar farko na gaya mata. Na ce sunana Rifkatu, ta ce suna ne mai wuya."

"Me ya sa kika ce mini ba ta sani ba?"

Ta cire abin daga kunnenta, ta naɗe wayarsa a hankali. "Shekarunki sha biyar lokacin. In ce miki ana kiran uwarki kamar akuya, da gangan, tana amsawa? Da wane ido za mu kalli juna a bas?" Ta miƙo mini. "Rubuta musu abin da suka faɗa. Duka, har da shayin."

Na rubuta. Shugabar ta tambaya ko za a iya sassautawa, tunda taron tunawa ne. Na ce a'a, kuma ban taɓa jin muryata ta fita haka ba.

In an auna abin da ya rage na Madam Edith, akwai fuska mai kyau, akwai suna da manyan baƙaƙe a farkon fim. Mutumin Zariya ba shi da suna ko a ƙarshe, amma a fim ɗin duka shi da wanda ya amsa masa ne kaɗai suka faɗi abin da ba a rubuta musu ba, kuma su kaɗai na yarda da su. Mama tana nan a kan bakanta, za ta zo. Ta ce in kama mata kujera a gaba, daidai gindin lasifika.