Teburin Aro da Jatan Lande

Shekara goma sha ɗaya da aurenmu ban taɓa sa hannu a kwano ɗaya da Malam ba. Ba faɗa muke ba. Haka muka tashi muka gani a gidajen iyayenmu, a kai wa maigida nasa ɗaki, mace ta ci da yara. Da karatu ya kawo shi Madina muka tare a wata 'yar shiƙƙa, gidan haya a bene, a unguwar Bani Harisa, ɗaki biyu da majalisa, wato falo, muka ci gaba da abin da muka saba. In shimfiɗa masa sufra, ledar cin abinci, a majalisa, in ja ƙofa, in koma kicin in ci nawa a tsaye ina tsawata wa yara. Abin ya daɗe yana cina a rai. Ni ba zinare nake nema ba. So nake ko sau ɗaya mu zauna mu biyu, ya ce miƙo min gishiri, in miƙa masa.

Kuskurena ɗaya, na buɗe baki na gaya wa maƙwabciyata ta hawa na biyu. Haifaffiyar nan ce, kakanninta ne suka zo hajji a ƙasa daga Damagaram suka yi zamansu. Takan fara magana da Hausa ta ƙarasa da Larabci. Ta dafe ƙirji ta ce, "Yaya! Sha ɗaya? Haram alaiki! Halas, ki bar min komai, jibi idul hubbi ne."

Na ce wane idi kuma? Ta ce ranar masoya. Na ce ke rufa min asiri, mutumin da yake rubuta risalarsa ta digiri a kan bidi'a? Ta ce to mu yi washegari, ita wannan ranar ba ta da suna.

Ranar, Malam na fita jami'a sai ga ta da tebur na aro, muka hau da shi bene muna haki. Ta shimfiɗa masa jan ƙyalle mai walƙiya. Ta ɗauko furen wardi, wanda mutanen kirki ke jefawa a shayi, ta watsa shi a kan tebur har ƙasa, in na taka sai in ji santsi. Ta hura balan-balan ja ta ɗaure a jikin kantar littattafan Malam, daidai kan mujalladan tafsiri. Ta jera kyandir masu wani ƙamshin alawa mai hawa kai. Rana tsaka fa, don haka sai ta rufe taga ta saki labule, wai sai da duhu suke kyau. Na tsaya ina kallo na ce a raina, wannan ai ɗakin boka ne.

Niyyata in tuƙa tuwon shinkafa da miyar kuɓewa, abin da ya fi so. Ta yatsine fuska ta ce, "Ana soyayya da yauƙi? La la la. Jambari za ki yi, shi ke motsa jini."

Da ta kwance ledar sai da na ja da baya. Jatan lande ne manya, da gashin baki dogaye, idanu baƙaƙe a waje, ƙafafu birjik irin na kyankyaso. A garinmu in aka ga wannan a ɗaki takalmi ake ɗauka. Ta nuna min yadda ake tsaga bayansa a zare wani baƙin zare. Na ce wannan fa? Ta ce kashinsa ne, hankali kwance. Tir! Na zare guda ashirin da wani abu, ina yi ina kau da kai. Ƙarnin ya kama yatsuna, na wanke da lemun tsami har sau uku bai fita ba.

Ban gama da wannan ba ta fito da wata 'yar kwalba. Kawunta yana aikin gonar dabino a Awali, shi ya kawo mata garin furen dabino namiji, wanda suke barbara matan da shi. Ta kwaɓa da zuma a kofi biyu, ta ce a sha kafin abinci. Na kai hanci. Wari ne da duk matar aure ta sani, ba kuma za ta faɗa ba. Na ce, "Wannan za a aje kusa da abinci?" Ta yi dariya har da tafi, ta kwashi yarana uku ta sauka da su.

Bayan La'asar na ji mukullinsa. Ya tsaya a ƙofar majalisa da littafi a hammata. Ya dubi balan-balan, ya dubi kyandir, ya dube ni cikin leshin da ban sa ba tun Sallah. Na sunkuyar da kai ina jiran wa'azi. Sai na ji ya ce, "Ikon Allah," yana 'yar dariya ƙasa-ƙasa. Ya aje littafin ya ja kujera.

"Kujera biyu na gani," ya ce. "Zauna mana."

Na ja ɗaya kujerar. Na zauna. Ga ni ga Malam, faranti ɗaya a tsakaninmu. Abin da na yi shekaru ina so ke nan, ya zo ba tare da na roƙa ba.

Ashe shi ya saba da abin. Kafin in zo ya zauna a masaukin ɗalibai da 'yan ƙasashen bakin teku, sun koya masa. Ya shanye kofin zumar nan ko gezau. Ya ɗauki jatan lande ya murɗe kan, ya kai baki ya tsotse, na ji wani fuuut, ruwan ya gangaro masa a gemu. Ɗaki a rufe, ga ƙamshin kyandir, ga ƙarni, ga warin kofina da na ajiye yana tashi. Sai ya ɓare guda da hannunsa, ya turo gabana.

"Bismillah."

Yaya zan ƙi? Na sa a baki. Na tauna sau ɗaya, ya yi wani ƙurus a haƙorina, baƙin zaren nan ya faɗo min a rai. Na kasa haɗiyewa. Na tura shi kumatu, na danne numfashi, hawaye suka cika min ido. Na sunkuya don kada ya gani, amma ya gani.

"Subhanallah," ya ce, murya a sanyaye. "Na takura miki. Na manta ba ki saba ci a gabana ba. Tashi ki je ki ci abincinki cikin natsuwa."

So nake in ce a'a Malam, ba haka ba ne, amma bakina a cike yake, in na buɗe kuma na san abin da zai fito. Na tashi da gudu, wardi ya kusa kayar da ni. Na amayar da duk abin da na ci tun safe, na sake famfo don kada ya ji.

Da na fito ya riga ya sauke farantin ƙasa, ya hure kyandir, ya buɗe taga. Ya dube ni da wani irin tausayi da ya fi zagi ciwo. Ya ce kunya irin tawa ta yi wuya a zamanin nan, Allah ya yi wa iyayena albarka. Ina zan fara ce wa mutumin da yake yabon tarbiyyata ƙyama ce ta kore ni? Na ce amin. Na ji haushin maƙwabciyata, na ji haushin ƙwaron nan, amma na kaina ya fi yawa.

"Ki kwantar da hankalinki," ya ce. "Na yi miki alkawari ba zan ƙara sa ki abin da ya fi ƙarfinki ba."

Malam mutum ne mai cika alkawari. Bana shekara shida ke nan, bai ƙara ce min in zauna mu ci tare ba.