Ƙamshin Mayafin Inna

A gida Ba-Zama ake ce mata, don ko gaisuwa a tsaye take yi, jaka a kafaɗa. A ɗakin gwaje-gwaje take aiki, gaban wata na'ura mai gurnani kamar tsohon firji. Ana kawo mata lakar bakin kogi, ruwan rijiya, ƙurar gefen titi. Sai ta jiƙa, ta tace, ta ɗiga wa na'urar. Ita kuma ta farfasa duk sinadarin da ke ciki, ta auna nauyin kowane gutsure, ta jero su a allo tsini-tsini: wannan maganin ƙwari ne, wancan baƙin mai, wancan ƙonanniyar roba. Na'urar ta fi kare hanci, shi ya sa Ba-Zama ta yi sallama da turare tun da ta kama aiki. Ko mai ta shafa mai ƙamshi, sai ta tsince shi a sakamakon ruwan mutane.

"Yaya, ke dai har abada warin sabulun wanki," ƙanwarta kan tsokane ta.

Da Inna ta rasu, mayafi ɗaya kawai Ba-Zama ta ɗauka. Ƙamshin Inna ne a jikinsa, mai ɗan yaji, mai sanyi a hanci, wanda take ji duk sanda ta leƙo gida a gurguje ta rungumi tsohuwa. Sai dai kullum raguwa yake. Ta ƙulle shi a leda, ta kwance, ta shinshina, ta sake ƙullewa. Ta zaga shagunan turare har masu shago suka gaji da buɗe mata kwalabe, ba ta sami ko mai kama da shi ba. Tsoro ya kama ta, kada ƙamshin ya tafi ba ta san sunansa ba.

Rannan ta tari shugabanta a bakin ƙofa.

"Oga, ina so in sa wani abu nawa a layi."

"Laka ko ruwa?"

"Mayafi."

Ya ɗan dube ta. "In kin gama da na kogi. Amma kin sani, abin da kika jiƙa ya rabu da ƙamshi ke nan."

Ta sani. Duk da haka tsakiyar mayafin ta yanka, inda ƙamshin ya fi ƙarfi. Na'ura ta kama gurnani, ita ta kama safa da marwa, ta wanke kwalaben da ta riga ta wanke, ta leƙa allo, ta koma taga.

Tsinayen suka fito. Ga hayaƙin girki, ga sabulu. Sai dogaye biyu da suka kere sauran: kafur da sinadarin man zafi. Ta sake gwadawa, bai sauya zani ba. Babu turare ko ɗigo.

Nan take ta kira ƙanwarta.

"Ke, me ya kai man zafi mayafin Inna?"



"Yaya, man take shafawa a ƙirji, ta ɗaure da mayafin in ciwonta ya motsa. Ta daɗe tana fama."

"Kuma aka rasa mai gaya mini?"

"Ita ta hana. Tana jin sallamarki take kwance shi ta yafa. Cewa take kina da aiki, kada a tsayar da ke."

Ba-Zama ta dubi mayafin da ramin da ta yi masa a tsakiya. Ta laluba bayanta, ta jawo kujera, ta zauna.