Neman Tirelar Baba daga Dudunni zuwa Kunduru

Ranar Talata: Dudunni zuwa Kusada

Ƙarfe biyar da rabi na safe, ana idar da sallar asuba, na shiga ɗakin Inna yi mata sallama. Ta san inda za ni, don ita ta aike ni.

Shekara uku ke nan da rasuwar mahaifinmu. Da aka zo rabon gado, tarakta ta faɗo a kasonmu ni da yayana, amma tirelar da take ja, wadda ke ɗaga bodi ta juye kaya da kanta, sai aka sayar. Ba zan ɓoye ba, ni na fi kowa ɗaga murya a kan a sayar ɗin. Tun daga nan muke kai taki gona da amalanke, damina ta riske mu ba mu gama ba. Bana da muka shirya sayen wata, Inna ta kira ni ta ce, “Isuhu, in dai saye za ku yi, ku maido ta ubanku. Ina son in gan ta ƙohwar gidan ga kahin in bi shi.” Na ce mata in Allah ya yarda da ita zan dawo. Na faɗa da ƙarfin gwiwa, alhali ban ma san hannun da take ba.

Ɗan kabu-kabu ya ɗauke ni shida saura kwata. Gonaki duk an share, an jera tulin taki ana jiran ruwa. Namu kuwa ko rabi ba a kai ba. Shida da minti goma muna Kusada. Na sha koko da ƙosai a tsaye a tasha, na shiga ƙaramar mota mai zuwa Kankia, mu huɗu a baya, da buhun wake a ƙarƙashin ƙafata. Shinge ɗaya muka tarar a hanya. Jami'in ya leƙo ya ce, “Lafiya dai?” Direba ya ce lafiya lau, aka janye mana itace.

Kankia

Takwas saura muka sauka. Na wuce kai tsaye garejin Baba Mamman, bakanike ne, aminin mahaifina, shi ke duba masa tirelar tun tana sabuwa. Ya tsufa, hannunsa na rawa in ya ɗauki kofin shayi, amma ba ya rawa in ya riƙe sifana. Na faɗa masa abin da ke tafe da ni.

“Tana Kunduru,” in ji shi, “wurin wani Alhaji Dahiru. Gobe mu tahi. Amma yau sai ka hwara ganin wasu, don kar ka je da zuciya kaɗai ba ido.”

Na ji haushin maganar, na dai bi shi. A wani fili bayan kasuwa dillali ya nuna mana tireloli uku, dukkansu na hannu. Aka kawo tarakta aka jona tiyon mai, Baba Mamman ya sa aka ɗaga kowacce ina kallo.

Ta farko jak biyu gare ta masu ɗaga bodi, a ƙarƙashinsa, hagu da dama. Ta tashi da sauri, har na ce madalla. Baba Mamman ya ce in koma baya in kalle ta. Ashe ɓangaren hagu ya riga na dama tashi, bodin ya ɗan karkace.

“Aibin wagga ke nan,” ya ce. “In ka loda mata jiƙaƙƙen taki, guda ya yi rauni, murɗewa za ta yi.”

Dillali ya ce ai roba ce kawai za a sauya. Baba Mamman ya ce to ya sauya, mu dawo baɗi.

Ta biyu jak ɗaya ne a gaba, mai gaɓa uku da ke fitowa daga cikin juna kamar eriyar rediyo. Irin ta mahaifinmu ke nan. Da yake daga can gaba yake turawa, ba ya shan wahala, ko an cika ta yana ɗagawa. Aibinsa shi ne tsawo: in ƙasa ba daidai take ba, bodi na sama, sai ta yi ta layi. Wannan ɗin ma shasinta ya sha walda har wuri huɗu, ko tayawa ba mu yi ba.

Ta uku ita ce suke kira mai almakashi. Jak ɗaya ne a tsakiya, cikin wasu ƙarafa biyu masu buɗewa, su ke riƙe bodin kada ya karkace. Tana da nauyi, tana cin giris, kuma ta fi sauran tsada. Ta tashi a hankali, ta tsaya cak. Baba Mamman ya sa aka kashe tarakta, muka zauna minti ashirin a inuwa muna shan fura da nono da wata Bafillatana ta dama mana. Da muka koma, bodin bai sauko ko da faɗin yatsa ba.

“Ga tirelar gona nan,” ya ce.

Na ce, “Baba, ni ba ita aka aiko ni saye ba.”

A gidansa na kwana, a zaure. Matarsa ta aiko da tuwon dawa miyar kuka, ta kuma aiko a gaishe da Inna.

Ranar Laraba: Kunduru

Bakwai daidai muka hau babur ɗinsa, ni ke tuƙi. Hanyar akwai yashi, sau biyu yana sauka in tura. Takwas da kwata muka yi sallama a ƙofar gidan Alhaji Dahiru, mutum mai fara'a, manomin gyaɗa. Da ya ji ko ni ɗan wane ne, ya riƙe hannuna ya yi wa Baba addu'a mai tsawo. Sannan ya zagaya da mu bayan rumbuna.

Tun daga nesa na gane ta. Koren fentin nan ne da Baba ya shafa da hannunsa. Bodinta a ɗage yake har ƙarshe, gabanta na kallon sama. Murna ta kama ni, na ce a raina ashe ma aiki take. Sai da na matso na ga busasshiyar ciyawa ta nannaɗe tayoyin, kaji sun yi wurin kwana a ƙarƙashi.

Baba Mamman bai kalli fenti ba. Jak ya nufa. Ya shafa sandar da tafin hannu, ya juyo da hannun ya nuna mini: ja wur da tsatsa. Duk gaɓa ukun sun yi ramuka.

“Alhaji, tun yaushe take haka?”

“Damina biyu ke nan. Ai yadda marigayi ke yi na yi. Duk wanda ya bi ta ƙohwar gidanai da damina ya gan ta a ɗage, don kar ruwa ya kwanta ya cinye bodi. Da rani ya yi na zo sauke ta, ta ƙiya. Mun matsa mata, mai ya yi ta tsiyaya.”

Baba Mamman ya zauna a kan wani turmi da aka kife. Ya ce, “A ɗage ka gan ta, gaskiya ne. Amma ba jak ke riƙe da ita ba. Gungumen kirya shika tokara mata, ya cire ƙusar sama, ya maida jak ciki, ya shahe bakin da giris ya ɗaure da buhu. Kai ka hango daga hanya, ba ka zagayo ka diba ba.”

Ni ne ya kamata in faɗi wannan, ba shi ba. Sau nawa Baba ya sa ni riƙe gungumen nan ina ƙunƙuni? Ranar da aka zo jan tirelar ina tsaye, gungumen na jingine da katanga, ban ce wa kowa ga amfaninsa ba. Daga baya ma mu muka faskara shi aka yi girki. Alhaji Dahiru yana ta ba ni haƙuri, ni kuwa kunya ta hana ni kallonsa, don na san mai laifin.

Na ja Baba Mamman gefe na ce ko za ta gyaru. Ya ce irin wannan jak ɗin sai an dace ake samu, ko an samu damina ta wuce. Ya nuna mini inda bodi ke juyawa a baya, nauyin shekara biyu da iska sun tsaga ƙarfen. Na nace, na ce a yi walda, a yi komai, ni dai in kai wa Inna.

“Isuhu,” ya ce, “yayanka ne zai shiga ƙarƙashinta, ko kai. Ni ba ni sa hannu in kai ma uwarku abin da zai hwaɗo ma ɗanta.”

Na koma wurin tirelar. Na zagaya ta sau ɗaya, na dafa bodin, ya yi zafi da rana. Hawaye suka zo mini, ban hana su ba. Alhaji Dahiru ya sa aka kawo mana gyaɗa soyayya a leda, muka kama hanya goma da rabi.

Komawa gida

Sha biyu saura muna Kankia. Bayan azahar aka yi ciniki a kan mai almakashi, Baba Mamman ya yi magana, ni dai na ce na amince. Dama tun isowarmu na buga wa yayana waya ya taho da tarakta. Ƙarfe uku ya iso, ya dubi tirelar, ya dube ni, bai tambaye ni komai ba. Muka jona, muka tashi uku da rabi. Tafiyar tarakta ba sauri, a shingen jiya aka duba takardar ciniki aka sallame mu. Biyar da kwata muka ratsa Kusada, shida saura muka tsaya a ƙofar gida.

Maƙwabta suka fito ana ta sa albarka, ana ƙwanƙwasa bodi. Inna ba ta fito ba. Na same ta a tsakar gida zaune a kan tabarma, ta sa mayafin fita unguwa. Na durƙusa, na rasa ta inda zan fara.

“Ba sai ka hwaɗa ba,” ta ce. “Tun kuna bakin rijiya na ji ƙararta. Ta ubanku ba haka take kuka ba. Ka dai gan ta?”

“Na gan ta, Inna.”

“Tana aiki?”

Na so in ce e. Wallahi na so. Amma ban taɓa yi mata ƙarya tana kallona ba. Na gaya mata komai, har da gungumen da ban ba su ba.

Da na gama ta ce, “Shekara ukun ga, duk bazara in na ga ana kai taki, sai in ce tana can wani gari tana ma mutane aiki, lada na isa gare shi. Da shi nike lallashin kaina.” Ta zare mayafin ta ninke shi a kan cinya. “Da na sani ban aike ka ba. Tashi ka ci abinci.”

Na gode wa Allah da ya kai ni ya dawo da ni lafiya. Na gode wa Baba Mamman da ya bar aikinsa kwana biyu saboda amincin da ke tsakaninsa da wanda ba ya nan, da Alhaji Dahiru da ya karɓe mu hannu biyu. Washegari muka fara kai taki, tirelar tana juyewa lafiya lau. Har muka gama, Inna ba ta leƙo ta gan ta ba.