Sunan da Inna ba ta kamawa

Akwai wani tsohon littafin labari da na tsana, ko da yake ban taɓa buɗe shi ba. Yayanmu ne ya yi ta zuba mana shi da baki shekara da shekaru, har ya gundure mu. Shi ne ɗan farin Inna, yana koyar da adabi a wata sakandare a Karaye. Tun da littafin nan ya shiga hannunsa ya mai da so kamar hatsi a kasuwar Rogo, kowane iri da buhunsa. Wai akwai son jini, akwai na sha'awa, akwai na abota, sannan can sama akwai so don Allah, wanda ya fi su duka. Wai kuma a littafin akwai wata uwa da take tsayawa a ƙofar gida ta ƙwala wa ɗanta kira da sunansa, ta rungume shi a gaban jama'a. In ya zo nan a labarin sai ya kalli ɗakin Inna.

To, Inna 'yar ƙauyen Beli ce, mutuniyar da. Ba ta taɓa kama sunansa ba. "Wannan yaron" take cewa, har ya yi furfura. Idan ya shigo gaisuwa takan kau da kai ta amsa wa bango. Alkunyar ɗan fari ke nan, ko awakin gidanmu sun san da ita. Amma ni auta, da na tashi manne da zaninta, na san abin da na sani. Duk kaka, gyaɗar da aka fara tugewa a gonarta ita take soyawa da hannunta, ta ƙulle, ta ce, "A kai wa mutanen Karaye." Mutanen Karaye kuwa mutum ɗaya ne. Shi da uban karatunsa bai gane ba, ko kuma ya gane ya ƙi.

Da ciwo ya kwantar da ita da damina, na baro gidan mijina a Gwangwan na tare a ɗakinta. Ba zan yi wa Yaya ƙarya ba, bai gaza da magani ba, ga shinkafa, har da sabuwar katifa. Sai dai in ya zo a zaure yake zama, ya aiko da gaisuwa. Inna kuwa da ta ji ƙarar babur ɗinsa sai ta juyo ta zuba wa labule ido. Ba za ta taɓa cewa a kira shi ba.

Ran nan na gaji, na fita na same shi.

"Yaya, don girman Allah ka shiga. Kai take jira."

"Ita ta ce?"

"Ka san ba za ta ce ba."

"To kin gani. Auta, ni don Allah nake son Inna, shi ne so mafi girma, ba ya neman a rama masa. Naki na jini ne, shi ya sa kike ta kuka."

Wallahi da ba yayana ba ne da na watsa masa ruwan butar da ke hannuna. Na ce, "Allahn da kake faɗa cewa ya yi a tausasa wa iyaye, ba a tsaya a zaure a aiko musu da buhu ba." Ya ce matsalata rashin karatu, ya tashi ya buga babur ɗinsa.

Ƙarar ba ta gama ɓacewa ba na koma ɗaki. Inna ta ɗago kai daga matashi, abin da ta kwana biyu ba ta iyawa, ta kira shi. Da sunansa na yanka ta kira shi, muryarta a dishe kamar ƙyauren da aka daɗe ba a buɗe ba. Sannan ta ja mayafi ta rufe fuska don kunya, alhali daga ni sai ita. Washegari da hantsi ta cika.

A zaman makoki ina jiyo shi ta bayan katanga yana yi wa masu ta'aziyya bayanin matakan so, suna ta cewa haka ne, Malam. Raina ya yi ta tafasa. Da mutane suka ragu ya aiko na fito soro. Idanunsa sun yi jawur, muryarsa ta yi ƙasa.

"Auta, ba ta ce komai a kaina ba?"

Na dube shi sosai. Na ce, "Me kake nema kuma, Yaya? Ai naka son ba ya neman a rama masa."

Na juya na shige cikin gida. Har yau ban faɗa masa ba.