Direban da Ya Yi Talla da Mu a Lombok

Daga Madina

Kafin kiran asalatu muka fito daga gidanmu a Harra ta Yamma, ni da mai ɗakina, Hajiya Rabi. Idanunta suna dushewa, likita kuma bai ɓoye mana komai ba. Abu guda ta roƙa: ta ga dutse mai ciyawa kafin ganin ya tafi, don namu duwatsun baƙaƙe ne, ba ko tsiro. Muka bi ta Jidda da Jakarta har tsibirin Lombok.

Mataram

Direbanmu Husni ya taɓa aiki a unguwar Sultana ta Madina, yana jin Larabci sosai. Da ya ji daga inda muke, sai ya sumbaci hannuna.

"Gobe sai dutse, ya ammi," in ji shi, wato baffana.

Washegari ƙauyen surukansa ya kai mu. Mutane sun yi layi da gorunan ruwa, wai shehin Madina zai tofa. Ni tela ne. Ajamin da mahaifina ya koya mini, awon riga nake rubutawa da shi. Na ce ya gaya musu haka. Ban san me ya fassara ba, layin dai ƙaruwa ya yi. Aka kawo mana dabino, mu da muka baro dabino a gida.

Kashegari ƙauyen kawunsa, sannan makarantar abokinsa. Mutanen kirki ne, ba laifinsu ba ne. Amma Hajiya tana ɗaki cikin mata ana shafa mayafinta, dutsen yana can bayan bango.

"Malam, ko mu haƙura?" ta ce.

"Ba rabon albarka ya kawo mu ba, Hajiya."

Sembalun

Ranar ƙarshe na ce masa, "Husni, darajar Madina ta Mai Madina ce, ba ta tela ba. Ka sake tsayawa a ƙofar wani, mu sauka mu taka da ƙafa."

Ya ja mota. Hanya ta yi ta murɗewa sama, birai a gefe, sanyi yana shigowa ta taga. Muka tsaya inda ake hango dutsen Rinjani, gonaki shimfiɗe a ƙarƙashinsa. Hajiya ta daɗe a tsaye.

"Ƙolin ban gan shi ba," ta ce. "Amma koren na gani."

Ba a jima ba gajimare ya rufe komai. Kwanakin da idonta ba zai sake samu ba, mutumin nan ya ɓatar da su don a girmama shi a ƙauye.

Gida

Mun sauka Madina lafiya bayan la'asar. Godiya ga Allah da Ya nuna mata abin da Ya nuna mata. Ita ta yafe wa Husni tun a jirgi. Ni har yanzu ina roƙon Allah Ya ba ni ikon yin haka.